Jan Sukari a Garar Argungu

Ƙarar ce ta tayar mini da shi. Jiya da yamma ina zaune ina tsintar shinkafa, sai 'yata ta ɗauko wata 'yar kwalba da ta sayo a kanti, ta shiga girgiza ta a kan kek ɗin da ta gasa. Cakas-cakas, cakas-cakas. Sukari ne mai launi, an yi masa murfi mai huji-huji, ga sunansa ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar. Ban san lokacin da na ajiye faifan ba. Ta ce mini lafiya? Na ce lafiya lau. Amma gabana faɗuwa yake yi, ni da nake da jikoki.

Ku bar ni in gaya muku dalili, don ita da na fara ba ta labarin wayarta ta yi ƙara, ta fita ta bar ni da baki buɗe.

A Nasarawa gidanmu yake, cikin Birnin Kebbi, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Baba manomi ne tun daga kakanni. Yana da shinkafa a fadamar Zauro, da rani ya yi albasa, a tudu kuma ya sa gero. Cikin gidan akwai Kaka, mahaifiyarsa, tsohuwa mai yin abu ba ta gaya wa kowa ba. Akwai Goggo, yayarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da bakinta duka. Sai Inna, mahaifiyata, da ni, da ƙanena da yake kan nono. Ni lokacin na isa aike, na isa goyo, amma ban isa a ba ni tukunya ba.

Inna 'yar Sakkwato ce, kuma ta zo garinmu da wata sana'a da ba a saba gani ba. A ajin matan aure ta koya kafin a kawo ta. Tana gasa kek a gwangwanayen madara, cikin babbar tukunya da aka shimfiɗa wa yashi, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Wannan kam akwai masu yi jefi-jefi. Abin da ya zama nata ita kaɗai shi ne rina sukari. Takan sayo galura irin ta masu alewa a kasuwa, ƙulli-ƙulli a takardar siminti. Ta lakato da tsinken tsintsiya, ta narkar a ɗigon ruwan lemun tsami, ta zuba a kan sukari cikin kwano mai murfi, ta rufe, ta yi ta girgizawa har hannunta ya gaji. In ta buɗe, sai ka ga sukarin nan ya koma kore shar, ko rawaya, ko ja. Daga nan ta baje shi a tire a inuwa, don rana narkar da shi take yi, ta ɗora tiren a kan turmi, ta kewaye gindin turmin da toka saboda kiyashi. In ya bushe ta murje, ta tankaɗe, ta barbaɗa a kan kek tun yana da ɗumi. Aikina shi ne korar ƙuda, ladana kuwa lasar kwano.

Ƙullayen galurar nan suna zaune ne a wani gwangwani mai murfi, can sama a ramin bangon ɗakinta, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kowa a gidan ya san na Inna ne. Ko in ce kowa ban da Baba, don shi mutum ne da zai iya gaya maka wace gona ce ta fi riƙe ruwa a duk Zauro, amma bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba.

Goggo ba ta son abin nan ko kaɗan. Ita gwanar alkaki ce da dubulan, kuma a ganinta abin da ba a tsoma a zuma ba ai ba kayan mutunci ba ne. Takan kalli tiren ta taɓe baki, ta ce abinci ba zane ba ne da za a kai shi marina. Inna ba ta tanka mata. Amma in an aiko daga gidajen ma'aikata ana son kek mai kwalliya na suna, sai ta aike ni in kai wa Goggo ɗanɗano, da gangan.

A shekarar ne aka aurar da autar su Baba a Argungu. An yi biki bayan girbi, amma gara sai da ta jira kuɗin albasa, don haka ba a tashi kai ta ba sai ƙarshen bazara, sama ta fara haɗa gira. Ga wanda bai sani ba, gara ita ce kayan daɗi da na abinci da dangin amarya ke kai wa dangin ango. Kuma ba a ɗaki ake rufe ta ba. Uwar ango takan tara mata, a buɗe kwalla-kwalla a gaban kowa, a yaba ko a kushe, sannan a kasa, a ɗora wa yara su bi gida-gida. Kafin rana ta faɗi, abin da ya fito daga madafinku ya shiga bakin rabin unguwa, har da tsofaffi da jarirai masu haƙori biyu. Da ita ake auna gidan da yarinya ta fito.

Kwanaki aka yi ana aiki. Goggo ta cika kwallaye da alkaki, Kaka ta daka nakiya. Inna kuwa ta ce ita za ta kai Argungu abin da ba su taɓa gani ba, kwalla guda cike da kek, kowanne da jan sukari a kansa, an zagaye da kore. Ranar jajibiri ta rina, ta shanya, ta barbaɗa. Sai ja ya ƙare, ga sauran kek a ƙasa.

Da daren aka yi ruwan farko. Da asuba na tashi na tarar da ita a madafi da fitilar ƙwai, ƙasa na ƙamshi, tana girgiza kwano. Ta ce ta sami wani ƙullin ja a gwangwani, ragowar wanda ta yi amfani da shi da Salla. Ba lokacin shanya a inuwa, sai ta baje shi a murfin tukunya mai ɗumi ya sha iska. Ta barbaɗe sauran, ta jera su cikin na jiya, ta rufe kwalla, ta ɗaure da sabon zane. Ta miƙo mini kwanon. Na lashe shi da yatsa, har gefe-gefe. Ɗan abin da ya rage na sukarin ta juye a kofi ta ajiye.

Rana na fitowa akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Aka loda kaya, Kaka ta shiga gaba don ita ce jagora, matan dangi suka hau baya, aka yi guɗa, suka ɗauki hanyar Argungu. Goggo ba ta je ba saboda ƙafarta. Gida ya yi tsit.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da Baba ya dawo daga duba gonar tudu. Ruwa ya shiga ƙasa, shuka ta yi. Ya sauko da irin gero, ya zuba a ƙwarya, ya shiga ɗakin Inna. Na ji ƙarar murfin gwangwani. Sai ga shi ya fito da shi a hannu.

"Wa yaɗ ɗauki ƙullin da nis sa cikin abin ga?"

Inna tana wanke tire. Ta ce, "Wane ƙulli? Wanga ai gwangwanin galurata na."

"Maganin iri na. Malamin gona yab ba mu, munka raba da maƙwabci. Ja na, cikin takardas siminti. Nan nis sa shi don kada yara su kai."

Duk ɗan gidan noma ya san maganin nan. Gari ne ja-ja da ake cuɗa iri da shi kafin a shuka, don tsuntsu da ƙwari. Mun sha ganin kurciya a mace a bakin kunyar gona bayan shuka. Ana hana mu ko taɓa ƙwaryar da aka cuɗa shi a ciki.

Baba ya juye gwangwanin a tafin hannunsa. Kore. Rawaya. Babu ja ko ɗaya.

Goggo ta jawo ƙafarta ta fito daga ɗaki. "Ja nawa kis sa?"

"Biyu. Wanda nis sawo, da ragowas Salla."

"Kin tabbata ragowas Salla ta?"

"Galura ta. Na san abina."

"Ina takardat?"

Takarda tana cikin murhu tun asuba. Inna ta faɗi haka, muryarta ba ta yi rawa ba. Amma na ga idonta. Ba Baba take kallo ba, ba Goggo ba. Bakina take kallo, kuma ni na san harshena ja ne, don na duba shi a madubin Goggo ina jin daɗi.

Baba ya ɗauko kofin nan, ya shinshina, ya murza a yatsa, ya sake shinshinawa. Lemun tsami ya danne komai. Ya ce shi bai iya cewa e, bai iya cewa a'a. Goggo ta leƙa ta ce wannan jan ya fi na jiya haske, ita tun da safe ta lura. Ko ta lura ɗin, ko a lokacin ta ƙirƙiro, Allah kaɗai ya sani. Ta ɗebi kaɗan ta cuɗa da dusa ta watsa wa wata baƙar kaza, ta ce a jira a gani. In Baba ya je Argungu ya ce kada a ci gara, alhali babu komai, da wane ido autarsu za ta zauna a gidan miji? Tun da aka kafa garin nan wa ya taɓa bin gara ya ce a dawo da ita?

Baba ya ce maganin ba nan take yake kayar da kaza ba, kuma bayan Azahar ake rabo. Ya tsaya yana kallon ƙwaryar gero. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Daga nan ya ce, "In sha kunya Argungu ya hi mani in tai gaisuwam mutuwa gida-gida." Ya faɗa mana alamun da za a duba, zufa, dalala, rawar jiki. Ya fita aron babur ɗin maƙwabci. Babu waya a unguwarmu, kuma ko akwai, babu ita a gidan da za a kira.

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba Inna ta damƙi hannuna ta kai ni bayan madafi. Ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta toshe mini hanci, ta ɗura mini manja, ta bi da ruwan gishiri mai ɗumi, ta sa yatsa a maƙogwarona. Yanzu likitoci sun ce ba a yin haka, amma a lokacin shi muka sani. Na yi ta amai har idona ya kawo ruwa. Komai ja, ba ka gane na manja da na sukari. Ina kuka, ita ba ta ce mini sannu ba, sai juya ni take tana duba idona.

A haka Goggo ta same mu.

"Ashe kin sani! Kic ce galura ta, to mi kika ɗura ma ɗiya manja? Taki ɗiyar kin cece ta, ɗiyan mutane ko oho. Kin aika ma Argungu guba cikin sabon zane, don dai a ce ke kin iya abin Turawa!"

Ta faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, don ta rasu, kuma ta yi mini alheri mai yawa bayan haka. Inna ta sake ni. Ta wuce Goggo, ta shiga tsakar gida, ta ɗauki kofin nan da Baba ya ajiye a kan turmi. Ta juye jan sukarin a tafin hannunta, ya cika shi, ta watsa a baki. Ina jin ƙarar sa a haƙoranta. Ta lashe tafin, ta kora da ruwa, ta kife kofin.

"Galura ta," in ji ta.

Goggo ta yi salati, ta zube a bakin rijiya. Daga wannan lokacin ba ta ƙara cewa uffan na faɗa ba. Ita ce ma ta ɗauko kwalbar manja tana bin Inna da ita, daga madafi zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa madafi, tana jan ƙafa, tana cewa ta sha ko cokali ɗaya, don Allah don Annabi. Inna ta ce wanda ya sha galura ba ya buƙatar manja. Goggo ta aiki yaron maƙwabta ya sayo nono. Inna ta ce a ba ni. Goggo ta ce to su tafi asibiti. Inna ta ce ta je ta ce musu me, ta sha sukari?

Sai ƙanena ya farka.

Kukan yunwa yake, kowa ya san shi. Inna ta shiga ta ɗauko shi, ya fara laluben gaban rigarta yana buɗe baki. Ta tsaya da shi haka na ɗan lokaci. Daga nan ta miƙa wa Goggo shi, ta ce a dama masa kunu. Goggo ta kalle ta, ta karɓe shi. Ni ma da ƙuruciyata na gane. Mai cewa galura ce ta hana ɗanta nono.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Bayan ruwan farko rana takan fito da fushi, ƙasa na huci, jiki na danƙo. Kowa zufa yake yi, amma ni zufar Inna kaɗai nake gani. In ta tsattsafo a goshinta sai in tuna alamun da Baba ya faɗa. In ta haɗiye yawu in ce ga dalalar nan ta fara. Ita kuma kowane ɗan lokaci sai ta kira ni, ta taɓa wuyana, ta ce in miƙa hannuna ta gani ko yana rawa. Yana rawa mana, tsoro nake ji. Sai ta riƙe shi cikin nata har ya tsaya.

Ba ta zauna ba. Ta wanke gwangwanayen kek kaf da toka, ta wanke kwanon girgiza, ta sake wanke shi, ta haƙa rami ta zuba ruwan ta rufe. Yaro na ta tsala kuka a bayan Goggo, ya ture kunu, ya ture ruwa. Gaban rigar Inna ya jiƙe sharkaf da nono, ta ɗauko zane ta ɗaure ƙirjinta tam, ta ci gaba da shara inda ta riga ta share. Matan maƙwabta suka fara leƙowa jin kukan ya yi yawa. Goggo ta tsaya a bakin zaure ta ce haƙori yake fitarwa, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya. A nan na san duk bakinta, ba ta son a ji kanmu a waje.

Ita kuwa baƙar kazar nan, Allah ya isa tsakanina da ita. Da rana ta take sai ta je gindin rumbu ta kwanta, ta baje fiffike, ta lumshe ido, ta buɗe baki. Goggo ta ƙwalla ƙara. Muka ruga. Ina kai hannu sai ta zabura ta haye danga tana kyarkyara. Zafi ne kawai ya dame ta. A wata rana da mun yi dariya har mu faɗi. Ranar babu wanda ya ko murmusa.

Aka kira Azahar. Wannan kiran shi ya fi komai tayar mini da hankali, don na san yanzu a Argungu mata sun fara taruwa, ana kwance sabon zanen nan. Ko Baba ya isa? Ko babur ya mutu a hanya, ga laka bayan ruwa? Inna ta yi salla, ta daɗe a sujada har na matsa kusa in ga ko bayanta na motsi. Da ta sallame ta kira ni madafi. Ta ce in zauna in kalla. Ta nuna mini yadda ake dama wa jariri kunu, ruwa-ruwa, a tace sau biyu, a gwada zafinsa a bayan hannu. Ta sa na yi da kaina. Ta ce in ba shi da ƙaramin ludayi, ta gefen baki, kada in yi fushi in ya tofar. Na ce ai ke za ki ba shi nono anjima. Ta ce e, amma dai in iya.

Na iya. Ya sha kaɗan, don kuka ya gajiyar da shi, ya yi barci yana ajiyar zuciya. Muka zauna mu uku a inuwar rumbu. Goggo na jan carbi da ƙarfi kamar za ta tsinka shi. Inna ta ɗora kaina a cinyarta. Ina jin cikinta na ƙugi, ban sani ba ko yunwa ce ko maganin ne.

Sai bayan La'asar, rana ta yi ja, muka ji mota da babur tare. Kaka ce ta fara shigowa, ba guɗa, ba sallama mai tsawo. Ba ta kalli kowa ba. Ta wuce kai tsaye zuwa rumbun da muke jingine da shi, ta sa aka kawo mata turmi, ta taka, ta cusa hannu cikin jinka, ta zaro wani tsohon ƙahon sa. Ta girgiza shi. Ƙullin takardar siminti ya faɗo a ƙasa.

"Ga tsiyag ga. Ni niɗ ɗauke shi tun ran da yas sa shi. Wa ka aje guba cikin kayan abinci in ba wawa ba?"

Goggo ta ce, "To don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Wa yat tambaye ni?"

Haka Kaka take. Har ta koma ga Allah ba ta yarda tana da laifi ko na ƙwayar gero a maganar nan ba.

Inna ba ta tsaya jin sauran ba. Ta kwance zanen ƙirjinta, ta ɗauki yaron da ke barci, ta zauna a ƙasa a wurin, a gaban surukarta da mijinta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa masa nono. Ya kama da ƙarfi har yana sarƙewa. A lokacin ne ta fara kuka, ba sauti, hawaye na sauka a kansa.

Abin da ya faru a Argungu daga baya muka ji. Baba ya isa an riga an buɗe kwallaye, an fara kasawa, yara na tsaye da faranti. Namiji ba ya shiga cikin mata, ga kuma babu lokacin neman ɗan aike. Sai ya tsaya a zaure ya ɗaga murya ya ce kada kowa ya ci kek ɗin nan, ana zaton guba. Gida ya hargitse. Kaka ta fito ta ji bayani, ta zage shi tas a gaban surukai, ta koma ciki ta ɗauki kek ta cinye a gaban mata, ta rantse ita ta ɗauke maganin ta ɓoye a gida. Suka ce sun yarda. Suka karɓi alkaki da dubulan da nakiya, suka yi godiya, suka sa albarka. Amma kwallar Inna suka ce a koma da ita, wai ba don komai ba, don dai hankalin yara. Kalmar ta riga ta shiga kunne.

Na ga lokacin da aka sauke kwallar nan daga mota aka ajiye a ƙofar ɗakinta, an ɗaure ta da zanenta yadda ta tafi. Mu muka ci, kwana da kwanaki, har ya fara tsami aka ba awaki. Goggo ta ci biyu a gaban Inna, ta ce ba laifi, wanda a bakinta yabo ne babba. Gidajen ma'aikata suka daina aikowa, don labari ya riga mota dawowa Birnin Kebbi. An daɗe kafin a sake neman kek ɗinta. Baba bai taɓa cewa ta yi haƙuri ba, ba a yi shi da wannan ba. Ya dai sa maƙeri ya yi masa akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ya rataye a zaure, kuma har ya tsufa in zai taɓa wani abu a ɗakinta sai ya tambaya.

Yanzu in na tuna sai haushi ya kama ni. Duk wannan yinin, da yau ne, kiran waya ɗaya ne. Kaka ta ɗauka ta ce yana cikin ƙaho, shi ke nan, a ci gara a watse. Maganin iri yanzu a ledarsa yake zuwa da hoton ƙoƙon kai, launin abinci a kwalbarsa. Garar ma ta koma buhuna da katan-katan, ba wanda hannunsa ke ciki, ba wanda za a yaba ko a zarga. Sauƙi ya samu, ban musa ba. Yaran yanzu dai ba su san yadda ake zama a inuwa ana kallon goshin mutum ana jiran a ga ko zai mutu ba, kuma ba na yi musu fatan su sani.

Shekaru da yawa ban tambaye ta ba. A gidanmu maganar ta zama ta ban dariya, a tuna kaza, a tuna zagin da Baba ya sha, a ce ai Inna jaruma ce, ta san abinta. Sai da ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune a ɗakina ina yanke mata farce, na ce, "Inna, ranar nan kin tabbata galura ce?"

Ta ce, "Ban tabbata ba. Da ubanki yat tambaya, na rintse ido in tuna takardag ga, ban ga komi ba sai hitila."

"To don me kika shanye? Don Goggo?"

Ta yi tsaki. "Wace Goggo? Ke kin riga kin lasa, kuma ni nib ba ki da hannuna."

"Shi kuma yaron da kika hana nono?"

"Shi bai lasa ba. Shi sai ya zauna da ubanku." Ta miƙo mini ɗaya hannun. "Ke ko ba ni barin ki tahi ke ɗai."

Na riƙe hannun, na kasa ganin farcen. Ta ce in yi sauri, an kusa kiran salla.